Sau Uku Ake Karantawa

Ruwa bai tsagaita ba a Alappuzha
tun jiya da la'asar.
Ganyen kwakwa na marin tagar bene na uku
inda muke, mu huɗu da gadaje tara,
a ɗakin da numfashi ke zuwa ta bututu.

Sista Lilamma ce ta raine ni a nan.
Shekara ashirin da shida tana sintiri tsakanin gadajen,
har takalminta ya san inda daɓe ya tsage.
Ranar farko ba ta nemi takarduna ba,
hannuna ta kama, ta juya shi,
ta ce, yanke farcen nan, cire zoben,
ƙwayar cuta ba ta sallama kafin ta shiga.

Kwalba, in ji ta, sau uku ake karantawa:
a kan kanta, a tafin hannu,
da kafin allura ta taɓa jiki.
Suna daga munduwar hannu ake ɗauka,
lambar gado ba ta san wanda ke kanta ba.
Duk awa biyu a juya wanda ba ya juyuwa,
ko ya kai buhun shinkafa biyu nauyi.
Ƙarar na'ura kuwa,
ranar da kunnenki ya saba da ita
ranar kin fara kurumcewa.

Ƙarfe uku da kwata na dare.
Gado na shida, Kuttappan masunci,
wanda teku ta maido mana da rabin huhu.
Matarsa Ammini na benci a waje
da ƙunshin abincin da ba ta kwance ba tun rana.

Aka kira Sista a waya.
Ruwa ya shiga gidansu har gwiwa,
jikarta na kan tebur tana kuka.
Ta dawo, fuskarta ba ta nuna ba,
hannunta ne kawai ya ƙara sauri.

Na ga ta ɗauki 'yar kwalba,
ta karya wuyanta, ta zuƙe a sirinji.
Kwalaben biyu ne, kamar an tsaga kara,
ɗaya ruwan wanke bututu,
ɗaya fotasiyam,
wanda in ya shiga jijiya a guje
zuciya tsayawa take.

Harshena ya yi nauyin dutsen niƙa.
Wata bakwai kacal na yi a aikin.
Ina tsako, ina koya wa kaza tono?
In kuma idona ne ya yi gizo?
Taku uku ne tsakaninta da gadon.
Ta yi biyu.

Na ce, Sista, dakata.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ni ba.
Ta koma kan faranti,
ta ɗauki fasasshiyar kwalbar, ta kai ta ƙarƙashin fitila.
Na ga leɓenta na motsi.
Ɗaya. Biyu.
Ta uku ba ta fita ba.

Ta zubar. Ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.
Sannan ta jawo takardar rahoto
ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe,
ba ta ɓoye ko minti ɗaya ba.
Ta miƙo min biro:
Jinsi, sa naki a nan ƙasa.
Gobe ma, in kin gani, ki faɗa,
ko babban likita ne, ko ni ce kuma.

Kafin sati ya zagayo
fotasiyam ya koma akwati mai makulli,
da jan kyalle a wuyan kowace kwalba.

Amma a safiyar, abin da na fi tunawa,
Ammini ce ta tare ni a ƙofa,
idonta jawur, ta ce, yaya ya kwana?
Na ce, lafiya ya kwana.
Gaskiya na faɗa mata.
Ta zauna, ta kwance ƙunshinta,
ta fara ci.