Asiransin Toka

Shekara goma sha uku tana kwana kan fatun shagona,
a Birni, gindin dutsen da ke riƙe zafin rana har isha.
Ba ɓeran da ya ɗanɗani jar fatar akuya
tun ran da ta shigo cikin buhun gawayi,
'yar mitsitsiya, baki ya fi jiki.

Yanzu Toka ta bar tsalle.
Teburin yanka da take hayewa ba shawara,
sai ta tsaya ƙarƙashinsa tana duban sama
kamar mai son tuna sunan wani.
Ruwa take sha, ruwa, ruwa,
a garin da kowace jarka sai an biya ɗan garuwa.

Likita Falmata ta latsa cikinta, ta yi jim.
Ta ce ƙoda ce. Ta rubuta takarda.
Jaka tara.
Takalmi ƙafa shida ke nan,
in Allah ya kawo mai saye.

Ran da na je sabunta takardun babur
na rage murya, na tambayi yaron ofishin asiransi:
kuna yi wa kyanwa?
Ya yi dariya har alƙalami ya suɓuce masa.
Da ya ga ban tayā shi ba, ya daddanna waya,
ya ce, Baba, a wasu ƙasashe ana yi.
Shekarunta nawa?
Na faɗa.
Ya ce, ko can tsohuwa tsada gare ta,
kuma ciwon da ta zo da shi ba ya cikin lissafi.
Na gobe suke ɗauka, ban da na jiya.

Na ce, yaro, wa ya taɓa tsufa ba ciwon jiya?
Na dafa gwiwata na miƙe.
Bai gane ba. Zai gane.

A gida Tsahara ta ce, mutane na neman na gero,
kai kana neman takardar mage.
Ban musa ba, gaskiyarta ce.
Amma geron da muka ci shekara goma sha uku
daga fatun nan ya fito,
kuma ba ni ne nake gadinsu da dare ba.
Ta yi tsaki, ta koma ɗaki.
Da asuba na iske ta tana murmushe kifi a murfin kwano,
tana cewa a hankali, ci mana, tsohuwar banza.

To, na zaɓi kamfanina.
Gwangwanin madara ne, na huda masa baki da basilla,
na naɗe shi da ragowar kore da ja
don kada a ce baduku ya ajiye abu tsirara.
Duk jakar da na sayar, dala ashirin.
Duk kube, dala goma.
Ranar da kasuwar Dole ta yi mini rowa, ba tara, ba wasiƙa.
Ba ya tambayar shekaru.
Ɗan Tanin mahauci ya shigo da guntun tsoka duk Alhamis,
jikata Habsu ta ɗauki aikin kai ta likita cikin kwali,
tana yi mata hira a bayan babur.

Na san gwangwani ba ya gyara ƙoda.
Na san wata rana zan fasa shi
in iske kuɗin sun fi buƙata yawa.
Ban yanke abin da zan yi da su ba.

Yau dai da la'asar na jefa silalla biyu.
Suka yi ƙara a ƙasan gwangwani, don bai cika ba.
Toka, daga kan fatar da na daina sayarwa,
ta motsa kunne ɗaya,
ba ta buɗe ido ba.