Jirgin Ƙarfe Bakwai

Da safe ka ce in ajiye maka shayi, Sallau,
ka gangara tashar Ikorodu da buhun albasa,
ka ƙi ɗaura rigar ruwa, wai tana ƙarni.

Yanzu la'asar ta yi sakaliya.
Masu nutso sun fito da jakar wata mata,
da takalmin yaro, ƙafar hagu.
Albasarka na yawo cikin kainuwa.

Jami'i na kiran sunaye daga jiƙaƙƙiyar takarda.
Ya ce "Salau", irin na Yarabawa.
Ban gyara masa ba.

Mu da ruwan garinmu sai guga ya yi gaba ashirin,
me ya haɗa mu da tekun Ikko?

Lambarka a kashe.
Kofinka na nan, na kifa masa faranti
saboda ƙuda.