Firji Mai Tabo

A Surabaya, bayan tashar jiragen ruwa,
inda iska ke shigowa da ƙarnin kifi,
ni da Kasdi muka kama ɗaki biyu,
bango tsirara, taga ba labule,
aljihu kamar an bi shi da tsintsiya.

Wata bakwai ina tari a gwangwanin biskit.
Ranar da murfi ya ƙi rufuwa
na tafi shagon Pak Sarwono.
Na wuce masu sheƙin da ke bakin ƙofa
suna yi mini fari da ido,
na shiga lungu, wurin waɗanda suka ji ciwo a hanya.
Can na same shi, gajere, fari,
kwiɓinsa na hagu a lotse.
Na buɗe, na miƙa hannu, sanyi ya gaishe ni.
Na ce, "Pak, ciki na zo saya, ba fuska ba."
Ya zubar da sulusin kuɗin.
Na nuna masa robar ƙofa da ta fara saki,
ya sake ragewa yana dafe kai,
wai matar nan za ta saye shagon da kuɗin barkono.

Kwiɓin da ya lotse na juya wa bango.
Bango ba ya tsegumi.

Fentinmu ragowar na kwale-kwalen Mas Darto ne,
shuɗi, rabin gwangwani.
Bai isa kusurwa huɗu ba, muka shafe ɗaya.
Baƙi sukan ce, "Kai, wannan salo!"
Ban taɓa gyara musu zance ba.

Zannuwan kakata biyu da suka koɗe
na ɗinke, na rataya a gora.
Da hantsi rana kan biyo ta cikinsu
ta zuba mana furanni a ƙasa, kyauta.
Akwatin lemo ya zama kanta,
kwalbar miya ta zama gidan fure.
Fanka kuwa Kasdi ya tsinto ta da karyayyen wuya,
ya ɗaure da wayar birkin keke.
Ba ta waiwaye,
mu ne muke matsawa inda take kallo.

An ce araha ba ta ado.
Wanda ya faɗa bai shigo ɗakina da hantsi ba.

Bu Ningsih ta maƙwabta ta ɗauko talabijin
mai faɗin ƙofa, biya wata-wata.
Mun sha kallo a wurinta, ba zan ɓoye ba,
har na kwana biyu ina jin haushin bangona.
A wata na biyar mutum biyu suka zo da takarda.
Da suka fita, ƙusa huɗu suka bar mata.
Na kai mata ruwan sanyi a kofi,
muka zauna, ba wanda ya dubi bangon.

Da damina ta ɓalle, ruwa ya shigo har idon sawu.
Tsakar dare, kafin mu tuna da katifa,
mun ɗora firji kan tubali shida.
Muka kwana a zaune, shi yana bushe.
Kasdi ya ce ko sarki sai haka.

Da dare yakan yi gurnani, ya yi shiru, ya sake.
Kasdi ya ce minsharin babansa ne sak.
Ni kuwa lissafi nake ji:
ƙanƙarar kwakwa arba'in a ƙulle cikin leda
tana daskarewa kafin 'yan makaranta su taso.
Gwangwanin biskit ya fara nauyi.

Jiya Pak Sarwono ya tsayar da ni a hanya,
wai akwai injin wanki da murfinsa ya ƙarje.
Na ce ya tura mini shi can ƙuryar lungu,
kuma don Allah
kada yaran shago su goge tabon.