Sunan da Ke Ƙetare Gulbi

Ni ne Cindo, mai jirgi a mashigar Yelwa,
shekara hamsin ina tura gora cikin laka.
Ranar da na faɗo, Inna ta ƙirga yatsuna,
ta samu shida a hannun hagu,
ta ce, to, wannan ya riga liman raɗa suna.
Wanzami ya ɗaure ƙarin da zare, ya bushe, ya faɗi.
Yatsa ya tafi, suna ya zauna.

Abu guda ruwa ya koya mini:
ba kowane suna ke ƙetare gulbi ba.
Kira Idris daga wannan gaɓa,
zai nutse tun bai kai tsakiya ba.
Amma buɗe baki ka ce Tankooo,
sai ya hau ruwa kamar sabuwar ƙwarya,
ya je tsallake, ya bugi giginya, ya dawo.

Tankon nan ƙanen mata huɗu ne,
sai da aka gaji da huda kunne aka same shi.
Gambo ya biyo tagwaye, ya tarar an rage nono,
shi ya sa har gobe ba ya wasa da akushi.
Baƙo, daren da fataken gishiri suka sauka gidansu
aka ji kukansa, tuwonsu bai ko sauka daga wuta ba.
Roro kuwa a gonar wake uwarsa ta durƙusa,
kwando na gefe, bai cika ba.

Dikko da Sambo ba namu ba ne tun asali.
Fulanin da ke ƙetarar da shanu da kaka
su suka bar mana su a bakin mashaya:
na fari Dikko, mai bi masa Sambo.
Baba ya ji daɗinsu a baki, ya ɗauka,
bai biya ko anini ba.

Sambo yayana ne.
Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama
ya fita duba taru da asuba.
Jirgin ya dawo shi kaɗai, da hularsa a ciki.
Inna, wadda kunyar ɗan fari
ba ta taɓa bari Dikko ya fito bakinta ba,
ta tsaya kwana tara a gaɓa, ba mayafi,
tana jan wutsiyar sunan na biyu
har murya ta dushe.
Tsallake bai maido mata komai ba sai ƙarshen.
Tun daga ranar, in zan kira wani Sambo,
sai in matsa kusa in taɓa kafaɗarsa.

Jiya an yi suna gidan ɗana Bello.
Mataimaki ke nan, in ji masu shanu,
ko da yake tuƙi bai taya ni ba, keken ɗinki ya zaɓa.
Aka raba goro, aka kayar da rago,
liman ya raɗa wa yaron Haliru,
sunana na yanka, wanda ni kaina na kusa mantawa.
Surukata ba za ta iya faɗinsa ba har abada.
Ta sunkuyar da kai, ta ce, Tsoho.

Tsoho, ɗan kwana bakwai!
Aka miƙo mini shi cikin zane,
ba shi da haƙori, ni ma saura biyu.
Na buɗe tafinsa a ɓoye na ƙirga.
Biyar. Na sake ƙirgawa. Biyar.

Da almuru na sauka gaɓa ni kaɗai,
na cika ƙirji, na gwada sabon suna a kan ruwa.
Ya tafi, ya wuce masu koma, ya wuce tsibiri,
na ɗan jira.
Da ya dawo yana neman mai shi,
ban san sa'ad da na ce na'am ba.