Kafin Tifa Ta Gama

Ranar Talata, bayan ruwan daren jiya,
na gangara kududdufin bayan Dukawuya
neman kainuwa don ɗalibaina.
Takalmina ya nutse a taɓo,
na sunkuya zan zaro shi,
sai muka haɗa ido.

Tsayinta bai kai kamu ɗaya ba.
Kara mai kusurwa huɗu, gashi a gefe biyu kawai,
kamar wanzami ya fara aski aka kira salla.
Ganye biyu-biyu suna kallon juna,
samansu santsi, ƙasansu kaushi irin harshen kyanwa.
Na murza ɗaya: ƙanshin kanumfari,
da wani abu a bayansa,
na sabuwar tukunya ranar da ta fara shan ruwa.

Furen kuwa,
kunnuwa biyar, na ƙasan ya fi 'yan'uwansa faɗi,
shuɗi irin na zane a tsomin farko a Ƙofar Mata,
tun bai san zai yi duhu ba.
A maƙogwaro, ɗigo uku ruwan goro.
Na ƙirga. Na goge tabarau. Na sake ƙirgawa.
Uku.

Ba balasa ba ce, na san balasa tun ina yarinya.
Ba duman kada ba.
Karan na gidan ɗaɗɗoya ne, fuskar ba tasu ba.

Na kwantar da ita tsakanin jaridun bara,
kasafin kuɗi a sama, sakamakon ƙwallo a ƙasa,
katako, katako, igiya.
Wata biyu ina buɗe manyan littattafai
masu warin kyankyaso,
na aika hoto kudu, na aika ƙasashen sanyi.
Amsa iri ɗaya ta riƙa dawowa: ba mu da ita.

Na kai ta Kurmi, layin masu magani.
Malam Sallau ya sansana, ya ɗanɗana, ya tofar.
"Shekara arba'in ina sayar da saiwa, Malama,
wannan ba ta taɓa hawa tabarmata ba."
Iya Tasalla na gefe tana ƙulla kimba a leda,
ba ta ko karɓa ba, leƙowa ta yi:
"In kin je da hantsi a rufe kike samun ta, ko?
Kakata kunyar-suruka take ce mata.
Ba ta maganin komai.
Kyau kawai Allah ya ba ta."

Na dawo ofis, takarda na jira.
Tana son suna biyu da Latin,
tsawon ganye da milimita,
rana, wuri, sunan wanda ya gano.
Wanda ya gano.
Alƙalamina ya daɗe a kan wannan layin
har tawada ta yi tabo.

Yau na koma.
An kafa allo, shaguna talatin za a yi.
Jar ƙasa tifa tara aka juye, in ji mai faci,
ta goma tana hanya.
Saura gefen gabas inda kwata ke shiga:
tsiro goma sha ɗaya,
na ƙirga su yadda ake ƙirga canji a ƙarshen wata.
Na karkaɗe iri, baƙaƙe, ba su kai ƙwayar riɗi ba,
cikin tsohon ambulan na takardar albashi.

Yanzu gwangwanin madara shida ne a bakin tagata.
Ɗanjuma masinja ya tsaya da tsintsiya a hannu,
yana tambayar wace miya ake yi da ita.
Na ce babu.
Ya ce to wahalar ta mece ce?
Na ce gobe ka yi sammako,
ka zo tun ba ta rufe ba.