Mabuɗi Marar Ƙara

Batirin sola saura kashi goma sha bakwai.
Na hau rufin soron ƙungiyar manoma,
nan kaɗai sabis yake yarda ya zauna a garinmu.
Kwamfuta a cinya, sauro a idon sawu,
kwaɗin fadamar Auyo suna ta musu.

Daga Dutse aka turo mabuɗin.
Haruffa arba'in cakuɗe da lambobi,
ba kalmar da harshe zai iya ɗauka.
Shitu ya ce ta waya:
sau ɗaya tak zai nuna miki fuska,
kin rufe shafin, kin rufe ke nan.

Na buɗe baƙin allo.
Ba hoto, ba maraba,
sai ɗan farin tsinke yana ƙifta ido,
yana jiran in yi magana.

Iya Kande ba ta taɓa rataye mabuɗin rumbu a ƙusa ba.
A haɓar zane take ƙulle shi, ƙulli biyu,
ta cusa a ƙugu.
In tana tafe sai ka ji shi, ƙil, ƙil,
yana gaisawa da kwabbai.
Nawa ba ya ƙara.
Amma bayansa akwai sunayen mutum ɗari uku da shida,
da buhun takin kowa,
da wanda ya biya, da wanda ambaliya ta cinye.

Na sa ɗigo a gaban sunan fayil
don ya ɓuya daga idon mai wucewa.
Sai kibiya.
Bara ita ta kayar da ni:
kibiya ɗaya na buga maimakon biyu,
ta share tsohon mabuɗi tas,
kamar ruwa ya bi sawun kaza.
Kwana huɗu ina ba Shitu haƙuri.
Yau na ƙirga da yatsa. Ɗaya. Biyu.
Na danna.

Bai ce komai ba.
Haka yake; shirunsa shi ne to.

Sai na ja ƙyaure da ɗari shida:
mai ɗaki ta karanta, mai ɗaki ta rubuta,
saura su tsaya a waje, ko da ƙanena ne Jatau
mai aron kwamfuta don kallon ƙwallo.
Na koma na goge tarihin allo,
don magulmaci ne,
duk abin da ka faɗa masa yana riƙe da shi.

Na gwada. Sunaye suka fara tafiya Dutse,
Nomau, Lantana, Barau na bakin gada.

Kwana casa'in mabuɗin zai yi ya mutu.
Na Iya ya fi ta daɗewa;
yana cikin gwangwani a ɗakina,
rumbun kuwa gara ta gama da shi tuni.

Kashi huɗu.
Na lalubi tsani da ƙafa.