Wayata Ta Tafi Gana

Daren jiya ta ce in bar ta ta sabunta kanta.
Na jona mata caji, na kwanta
a ɗakinmu na Agege mai taga ɗaya.

Ta tashe ni, wai ƙarfe biyar.
Ashe liman ya daɗe da sallamewa,
'yan danfo na ta kiran Oshodi, Oshodi,
ni ina daure alwala a natse.

Likitan Idi-Araba takwas ya ba Inna Tasalla.
Mun isa takwas ɗin waya,
agogon bango ya ce tara.
Mai kati ko kai ba ta ɗaga ba:
sai wata mai kamawa.

A Ikeja Sabitu mai gyara ya leƙa,
dariya har da riƙe ciki:
"Baba, wayarka tana Gana."
Ni da ban taɓa wuce Badagry ba!

Yatsa ɗaya ya sa ya dawo da ita gida,
ya karɓi dubu.
Na ce, awar fa?
Ya ce wannan ba aikinsa ba ne.

Inna na tari a bayan labule.
Na ciro tsohon agogon Baba daga akwati,
ina ba shi wani.